Kurfotin Kaka Dije

Ƙwal. Ƙarar da gutsuren gawayi ke yi ke nan in an jefa shi cikin kurfoti, murhun gawayi na ƙarfe. Har yau in na ji ta, ko a bakin titi ne wurin masu gashin ayaba, sai na waiwaya kamar an kira sunana. A gidan da na tashi, cikin tsohon zangon Kumasi, wannan ƙarar ce ke gaya mana mu yara cewa Kaka Dije ta idar da sallar magariba, ta shafa addu'a, ta jawo 'yar kujerarta bakin baranda.

Gidan haya ne babba, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya a tsakiya da ake faɗa a kansa kowace safiya. Kowace ƙofa da harshenta. Wannan ɗakin Dagomba ne, na kusa da shi Mosawa, can lungu Zabarmawa masu sayar da atamfa a kasuwar Adum. In an rufe ƙofa kowa ya koma harshen iyayensa, in an fito tsakar gida Hausa ce ke haɗa mu, Hausarmu ta zango da Tuwi, harshen Asante, a cikinta kamar gishiri a miya. Kaka Dije uwar babana ce. Koko da ƙosai take sayarwa da safe, shi ya sa ko da yamma in ta shafa kaina hannunta na ƙanshin citta da kanumfari.

Ba ta tatsuniya a banza. Duk yaron da ke son zama sai ya zo da gawayi guda daga ɗakin uwarsa, kuma ba sata ba, roƙo. Ba ya kuwa jefa shi wuta da zuwansa. Riƙe shi zai yi a hannu har lokacinsa ya zo. Iyayenmu mata sun sha ƙorafin baƙin da muke goga wa riguna, amma ba wadda ta taɓa hana ɗanta.

Takan duba abin da kowa ya kawo. Akwai Salifu, ɗan ɗakin Dagomba, wanda take kira maigidanta don tsokana.

"Maigida, wannan gawayi ne ko kashin ɓera? Da wannan za ka riƙe ni?"

"Kaka, shi Mma ya ba ni."

"Koma ka ce mata amaryarka ta raina. In ba haka ba in tattara kayana in koma wurin mahauci."

Sai ya ruga, mu kuwa mu kwashe da dariya. In ruwa ya ɗauke da yammacin nan, kwanon rufi na ɗiga, sanyi na tasowa daga simintin tsakar gida, mukan matsu jikin kurfotin har gwiwoyinmu su yi zafi. Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura da na 'yan ruwa, amma ɗaya ce ake kawo wa gawayi. Takan gyara mayafi ta ce, "Ga ta can tafe, ga ta nan zaune." Mu kuma mu amsa, "Ta iso, mun ba ta wuri."

Wata yarinya ce wai ita Ladi, can arewa. Ubanta ya bi fatake zuwa ƙasar goro tun tana goye, bai dawo ba. Da ta tasa, sai ya aiko a kai masa ita. Uwarta ba ta da ƙafar tafiya. Ranar da ayari zai tashi, ta ɗebo garwashi daga murhunta ta zuba cikin ɗan kasko, ta ce, "Ki kai wa babanki wutar gida, ki dafa masa tuwo da ita, ko ya tuna da mu. Kada ki bar ta ta mutu. Kuma kada ki tsinci itace a ƙasar mutane, don kowane itace da mai shi. Ki tsaya ƙofar gari ki gaishe su da harshensu, su ba ki da hannunsu."

Nan Kaka takan yi shiru ta dube mu, mu jikokinta na ciki. Namu ne zangon farko. Mu ce, "Allah ya kiyaye hanya," mu jefa gawayinmu. Ƙwal.

Ladi ta bi jakai da kaskonta a ka. Suka isa bakin babban kogi, ƙasar Zabarmawa, wuta ta fara lumshewa. Kaka ta sake yin shiru, ta dubi 'ya'yan ɗakin lungu. Su ce, "Fofo," su jefa nasu. Wata tsohuwa mai wanki ta ba Ladi reshen gawo. Aka wuce ƙasar Mosawa, inda iska ta so ta kwashe garwashin, Ramatu ƙawata ta ce, "Ne zabre," aka ba Ladi ɗorawa. A ƙasar Dagomba Salifu ya buɗe murya ya ce, "Aniwula," kamar shi ne sarkin garin, aka ba ta kaɗanya.

In yaro sabon zuwa ne, ko ya manta gaisuwar gidansu, Kaka ba ta gaya masa, ko da ta sani.

"Tashi ka je ka tambayo uwarka. Ladi na tsaye ƙofar garinku, wuta na mutuwa."

Wallahi da gaske wutar takan yi ƙasa, don ba a ƙara mata komai sai an ji gaisuwar. Mu yi ta fifita da mafici muna ihu, "Yi sauri! Yi sauri!" Ka ji uwar yaron daga ɗaki tana faɗa masa, tana dariya, wani lokaci ta biyo shi har baranda ta tsaya.

Akwai wata Akosuwa, 'yar Asante, uwarta na sayar da dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, a tsallaken titi. Ta daɗe tana laɓewa bakin zaure tana saurare. Wata rana ta shigo da guntun itace a hannu, don su da itace suke girki. Salifu ya ce mata, "Ke babu garinku a ciki." Kaka ta harare shi.

"Wa ya gaya maka? To ina Ladi za ta sauka, a sama? Zauna nan, 'yata, kusa da ni."

Tun daga ranar tatsuniyar ta ƙaru da zango guda. Ladi ta shiga kurmi, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta rufe kaskon da zanenta, garwashi ya rage ƙwaya ɗaya kamar idon kyanwa. Sai ga wata mata da kwandon goro a ka. Akosuwa ta ce, "Maajo," a hankali, ta sa itacenta. Matar ta ba Ladi busasshen reshen goro daga cikin rumfarta, ta nuna mata hanyar zango.

Ladi ta sami ubanta ya tsufa, yana zaune cikin huhunan goro. Ta hura wuta ta ɗora tukunya. Tsohon ya shaƙi hayaƙin ya ce, "Na ji gawo, na ji ɗorawa, na ji kaɗanya, na ji itacen ƙasar nan. Ban ji kiryar da uwarki ke girki da ita ba. Yarinya, wannan wutar wa ce?" Ladi ta leƙa kaskon. Garwashin da uwarta ta zuba mata ya zama toka tun a zangon farko.

Nan Kaka take tsayawa. "To, ku gaya mini. Wutar wa ce?"

Gardama ta kaure. Salifu ya ce ta Dagomba ce, don gawayinsa ya fi na kowa girma. Ramatu ta ce ta duk wanda ya sa ce. Ni kuwa a raina na yanke cewa Ladi ta yi hasarar wutar uwarta, duk wahalar nan a banza, sai in ji hawaye na taruwa. Muna cikin haka ladan ya kira isha'i, Kaka ta miƙe tana dafa gwiwa ta ce, "Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka." Ba ta taɓa ba da amsa ba. Na tambaye ta wata safiya tana tace gasara, ta ce, "Rabi, in kin girma kin yi tafiya, kya gaya mini."

Ban yi tafiya ba. Na gama sakandare, aure ya kai ni Asokore Mampong, nan gefen Kumasi, nan na tsaya. Sai bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta, babana ya gaya mini ita ma tana yarinya aka zo da ita daga ƙasar Katsina, kuma ba ta sake ganin uwarta ba. Gidan kuwa an rushe shi, shaguna ne a wurin yanzu. Na taɓa tsayawa gaban wani mai sayar da wayoyi ina ƙoƙarin gane inda barandarta take, har ya tambaye ni ko caja nake nema. Ramatu ta rasu wurin haihuwa. Salifu an ce yana tuƙin babbar mota. Akosuwa ban san inda duniya ta kai ta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Shekarun baya kaɗan wasu tsofaffin malaman makaranta da samarin unguwa suka kafa ƙungiyar adana tarihin zango. Suna bin gidaje suna ɗaukar muryoyin tsofaffi: wa ya kafa wace unguwa, yadda ake ɗaurin goro, waƙoƙin niƙa da na reno. Maza tsofaffi ba su da wuyar magana, amma tsofaffin mata in suka ga saurayi da waya sai su ce ba su san komai ba. Shi ne aka nemi mata masu rakiya, na nemi izinin Alhaji maigidana, na shiga. Aikina kawai in zauna kan tabarma, in tambayi ciwon ƙafa, in taya tsinkar alayyafo, har bakin ya buɗe. Na ji abubuwan da suka sa ni kuka, na ji waɗanda suka sa na toshe baki don kunya.

Mustafa, yaron da ke riƙe da na'urar, ya ji ina ba wata tsohuwa labarin Kaka Dije, ya nace sai an ɗauki tatsuniyar. Ya zo gidana da hantsi. Na ce masa mu dai ba a yi mana tatsuniya da rana, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, waya ba ta san rana ba." Ya rufe tagogi saboda ƙarar babura, ya lallashi yaran maƙwabta suka fita waje don a sami shiru. Na faɗe ta daga farko har ƙarshe. A kowane zango na tsaya na yi shiru, don bakina bai iya wucewa ba tare da an amsa ba. Ba wanda ya amsa, sai firji na gurnani.

Watan jiya ƙungiyar ta shirya taron karrama masu aikin sa-kai, a zauren wata makaranta. An buɗe da addu'a, aka karanta sunayen tsofaffin da muka ɗauki muryoyinsu suka riga mu gidan gaskiya, aka yi musu Fatiha. Sun fi yadda nake zato yawa. Sannan aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. An karrama wani tela da ya tattara tsofaffin hotunan mahauta da dillalan shanu, da 'yan mata biyu da suka share tsohuwar maƙabarta. Ni ma aka ba ni takardar yabo cikin gilashi da turmin atamfa, mata suka yi guɗa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tun barina makaranta ba a kira sunana a lasifika ba.

Daga nan aka ce za a sa wa jama'a tatsuniyar Hajiya Rabi. Muryata ta cika zauren. Sai na ji wani abu ba daidai ba. Mustafa, da kyakkyawar niyya, ya yanke duk wuraren da na yi shiru, don kada mutane su gaji. Ladi ta yi ta gudu daga gari zuwa gari, ba ta tsaya ƙofar kowa ba, ba wanda ya gaishe ta, itace na faɗo mata kamar daga sama. Kafin a ce me, ta iso Kumasi. Aka tafa. Na yi wa yaron godiya, don ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma ba don shi da 'yan ƙungiyar ba da muryoyi da yawa sun bi ƙasa. Amma ba tatsuniyar Kaka na ji ba.

Kusa da ni jikata Hikima ce zaune, 'yar ɗana Bashiru. Uwarta Afiya 'yar Asante ce, mace mai kirki da ladabi. Bashiru ya daɗe yana aiki a Turai, kuma a lokacin takardun matarsa da 'yarsa sun fito, saura 'yan kwanaki su tashi. Hikima ba ta wuce shekara bakwai ba. Tuwi da Turanci ne a bakinta, Hausarta tsinta-tsinta ce. Nana take kirana, wato kaka. Ta jawo mayafina ta tambaye ni da Tuwi, "Nana, me kike cewa a cikin abin nan?"

Na rungumo ta jikina. Ga takardar yabo a cinyata wai na adana tarihi, ga jinina za ta ƙetare teku ba ta taɓa riƙe gawayi a hannu ba.

Washegari da la'asar na shiga ɗakin ajiya na tono kurfotin Kaka daga ƙarƙashin tsofaffin tukwane. Ya yi tsatsa, ƙafa ɗaya ta karkace, na tokare ta da dutse. Alhaji zai fita masallaci ya tsaya yana kallona.

"Hajiya, gas ne ya ƙare, ko atamfar ce ta sa ki komawa ƙuruciya?"

"Alhaji, in ka dawo ka zo da gawayinka, in ba haka ba ba ka da wurin zama."

Na aika a gaya wa yaran layinmu dokar. Suka dawo hannu wofi, kowa da "Mma ta ce mu gas muke yi." Sai na tura su wurin mai sayar da wake da shinkafa a bakin layi, na ce su gaishe ta da ladabi su roƙa. Ta ba kowa guda, ta kuma ce a ajiye mata wuri. Hikima kuwa na damƙa mata guda biyu, ɗaya na garin ubanta, ɗaya na garin uwarta.

Bayan magariba na jefa na farko. Ƙwal. Na koya musu amsar buɗewa. Da na zo inda uwar Ladi ke sallamar 'yarta, na dubi Hikima, na faɗa mata kalmomin a kunne. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," da harshenta mai nauyi, ta jefa gawayin. Ni ya kamata in ce mata haka. Na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

A zangon Mosawa aka tsaya cik. Yarinyar da abin ya faɗo kanta ba ta san gaisuwar ba. Na ji bakina ya faɗi maganar Kaka: "Tashi ki tambayo uwarki, wuta na mutuwa." Ta ruga. Uwar ma ba ta tabbata ba, sai da ta buga wa tata uwar waya a can arewa. Yara na fifita da murfin bokiti suna ihun "Yi sauri!", tsohuwa a waya na tambayar ko lafiya, wa ya rasu. Da aka gaya mata dalili ta yi dariya har muna jiyowa, ta faɗi gaisuwar, ta ƙara da yadda ake amsawa. Kafin Ladi ta shiga kurmi, iyaye mata sun cika ƙofar gidana a tsaye. A zangon ƙarshe Afiya ta dafa kafaɗar 'yarta, Hikima ta ce, "Maajo," da ƙarfi, wannan kam ba sai an koya mata ba.

Na kai inda tsoho ke shaƙar hayaƙi, na yi tambayar. Gardama ta kaure kamar jiya aka bari. Wani yaro ya ce wutar ta mai wake da shinkafa ce tunda duk gawayin nata ne, matar ta ce Allah ya yi masa albarka.

Ina zaune ina kallon garwashin, sai na gane abin da na kasa ganewa ina yarinya. Kaka ba jarraba mu take yi ba. Ita ma ba ta san amsar ba. Kullum tana dubanmu, jikokin da aka haifa a ƙasar goro, masu Hausa gauraye da Tuwi, masu son fufu fiye da tuwon dawa, tana tambayar kanta ko akwai sauran wani abu na uwarta a jikinmu. Shi ya sa take maimaita tatsuniyar, ko wani yaro zai faɗi abin da zai kwantar mata da rai. Ga shi ni na gaji tambayar. Wannan yarinyar za ta girma cikin sanyin ƙasar da ban taɓa gani ba, ta yi mafarki da harshen da ba na ji. Me zai rage nawa a kaskonta?

Ladan ya kira isha'i. Na ce, "Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka." Yara suka watse suna goga baƙin hannu a riguna. Hikima ba ta tashi ba. Ta tsuguna gaban kurfotin tana hura shi da baki, toka na tashi tana sauka kan gashinta. Afiya ta kira ta, ta ce tana zuwa. Sannan ta juyo wurina, ta tattaro 'yar Hausar da take da ita.

"Nana, wutan mamanshi ne mana. Ai bai mutu ba ko sau ɗaya." Ta sake hurawa. "In mun je can, ki ƙara zango ɗaya. Zan tambayo gaisuwansu, in faɗa miki a waya, ke ki sa mini gawayina."